Waiwaye: Sulken Barde, Idon Mai Jinya

Hunturun shekarar 2007 ya same ni a wani gari na arewacin Ingila, ina karatu, ina zaune a ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari. Duk wanda ya tashi inda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, ana shayi ana hira har a kira magariba, zai gane nauyin irin wannan duhu a zuciyar baƙo. Ana cikin haka ne wani abokin zamana, ɗan Malesiya, ya jawo mini kujera kusa da kwamfutarsa, ya ce in zo in ga garin da yake yini a ciki idan ya gama karatu. Garin nan shi ne Stormwind, birnin 'yan Adam a wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004. Na ga mutane na kai da kawowa a kasuwa, wasu a kan dawakai, wasu sun yi da'ira suna hira a bakin gada. Ya ce mini kusan duk wanda na gani yana gudu ko yana tsalle, akwai mutum mai rai a bayansa, yana zaune a ɗakinsa a Jamus ko Holan ko Suwidin. A daren nan na sayi wasan.

Kafin ka taka ƙasar wasan sai ka ƙera mutumin da za ka zama. Za ka zaɓi ɓangare, Alliance ko Horde, ka zaɓi ƙabila da kamannin fuska, sannan ka iso babbar tambaya, abin da masu wasan ke kira kilas. Ni sana'a nake ce mata, domin ita ke yanke abin da hannunka zai riƙe da aikin da jama'a za su nema a wurinka. A lokacin guda tara ne. Akwai mayaƙi, akwai faladin da ke haɗa sulke da warkarwa, akwai maharbi da dabbarsa, akwai ɗan sari-ka-noƙe mai wuƙa biyu wanda ke ɓacewa daga ido. Akwai firist mai jinya, da shaman mai kiran wuta da iska da ruwa da ƙasa, da mai sihiri, da mai aljanu, da duruwid mai rikiɗa ya koma dabba. Duk tatsuniya ce, irin ta Gizo da Ƙoƙi, sai dai wannan kana ciki. Abu ɗaya abokina ya ja mini kunne a kai: in ka zaɓa ka zaɓa. Wasan ba ya sauya wa mutum sana'a. In ka yi nadama, sai ka koma mataki na ɗaya da sabon mutum, alhali ƙololuwa a lokacin mataki na 70 ne, tafiyar watanni.

Ban yi dogon tunani ba. Na tashi ina kallon hawan sallah, ina ganin 'yan lifidi suna wucewa da kwalkwali da dawakai masu kauri kamar ganuwa, kuma kakata ta cika mini kunne da labaran mazan jiya da ba sa ba da baya. Na zaɓi mayaƙi, na raɗa masa suna Barde. Wasan ya kasu dauloli da yawa, kuma wadda na shiga, Argent Dawn, tana cikin waɗanda aka ware a Turai domin masu son wasan kwaikwayo: a can mutum yana magana da bakin wanda ya ƙera, yana rubuta masa tarihi da ɗabi'a, sauran jama'a kuma su yi hulɗa da shi a kan haka. Na zauna na rubuta wa Barde nasa. Mutum ne marar tsoro, marar yawan magana, wanda ba ya waiwaye, wanda ke shiga gaba kowa ya bi. Da na gama na karanta, raina ya yi fari. Abin da ban lura da shi ba shi ne, na rubuta mutumin da nake so a ce ni ne.

Wannan rabon sana'o'i ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir, kuma sana'o'i uku kawai ya fara da su: mai faɗa, mai sihiri, da malamin da ke warkarwa. Shekara guda bayan haka aka ƙara ɓarawo da faladin. Da wasannin suka koma intanet, musamman daga EverQuest na 1999, sai rabon ya daidaita a kan ayyuka uku. Akwai garkuwa, wanda ke tsayawa gaban dodo ya tattara fushinsa a kansa. Akwai mai jinya, wanda ke tsaye a baya yana mayar wa mutane da ransu. Akwai masu sara, waɗanda aikinsu su kayar da dodon kafin a gaji. A World of Warcraft idan za a shiga kogo mutum biyar ake yi: garkuwa ɗaya, mai jinya ɗaya, masu sara uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an gina wasan ne domin kowa ya ji hakan a jikinsa.

Abin da na daɗe ban gane ba, kuma shi ne zuciyar wannan batu, shi ne kowace sana'a an dasa mata ɗabi'a a cikin yadda ake sarrafa ta. Ɗauki mayaƙi. Ƙarfinsa fushi ne, wani jan ma'auni da ke farawa daga sifili. Sai ya doka ko an doke shi yake cika, kuma da zarar faɗa ya tsaya sai ya fara tsiyayewa. Saboda haka mayaƙi ba ya son tsayuwa. Jikinsa na gaya masa ya afka wa na gaba tun wutar ba ta mutu ba. Mai sihiri kuwa akasin haka yake. Shuɗin ma'auninsa cike yake farawa, kowace jifa tana rage shi, in ya ƙare sai ya zauna ya sha ruwa. Wannan sana'a tana koyar da tsimi da lissafi, ga shi kuma riga ce ta ƙyalle a jikinsa, dole ya san tazara. Ɗan sari-ka-noƙe yana laɓe, yana tara maki ɗaya bayan ɗaya har biyar, sannan ya yi sara guda mai ƙarewa. Nasa haƙuri ne irin na kyanwa a bakin rami. Maharbi a wancan zamani sai ya riƙa ciyar da dabbarsa, in ya yi sakaci ta yi fushi, har ma ta gudu ta bar shi. Wanda ba ya iya kula da abin da ke ƙarƙashinsa ba zai ji daɗin wannan ba. Mai aljanu yana yankar ransa ya sayi ƙarfi da shi, kullum yana ciniki da haɗari. Shi kuwa firist, a wancan zamani akwai wata ƙa'ida a kansa: ƙarfinsa ba ya dawowa sosai sai ya yi daƙiƙa biyar bai yi komai ba. An tilasta masa ya koyi janye hannu a tsakiyar tashin hankali.

Ashe idan kana zaɓen sana'a, ba tufafi kaɗai kake zaɓa ba. Kana zaɓen irin bugun zuciyar da za ka zauna da shi na ɗaruruwan sa'o'i.

Na kai Barde mataki na 70 a farkon 2008, na shiga wata ƙungiya ta mutanen kirki, yawancinsu magidanta masu aikin yi da rana. Shugabanmu direban babbar mota ne ɗan Holan. Babbar mai jinyarmu wata mata ce 'yar Suwidin da ta girme mu duka, kuma a rayuwarta ta zahiri ma a asibiti take aiki. Sau biyu a mako muke haɗuwa mu goma, muna magana ta TeamSpeak, mu shiga Karazhan, wata tsohuwar hasumiya mai cike da fatalwa. Ni ne garkuwa. Na san dabarun, na karanta su, na tara sulke mai kyau. Amma akwai wani abu da nake yi wanda ban san ina yi ba. A gefen allo akwai ƙananan korayen layuka da ke nuna sauran ran kowane ɗan tawaga. Idona ba ya barin wurin nan. Da na ga layin wani ya ragu, sai cikina ya ɗuri ruwa, hannuna ya fara neman hanyar zuwa gare shi.

Daren da abin ya fito fili, muna kan barandar hasumiyar muna faɗa da Nightbane, wani ƙaton dodo mai fukafukai wanda duk jikinsa ƙashi ne da garwashi. Sau uku yake tashi sama a cikin faɗan, ya zubo ƙwarangwal masu tafiya, sannan ya sauko. Aikin garkuwa ɗaya ne a wannan lokaci: ya tsaya inda dodon zai sauka, ya kama shi tun ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba, ya juya bakinsa nesa da jama'a. A tashi na biyu na hango wani ƙwarangwal ya bi mai sihirinmu, wani matashi ɗan Fotugal, layinsa na zubewa. Na bar wurina na ruga na cece shi. Na kuwa cece shi. Amma dodon ya sauko bai tarar da kowa a gabansa ba, ya juya kan masu jinya, ya hura musu wuta. Cikin ƙiftawar ido mu goma muna kwance. Mun sake gwadawa, na sake yin kusan irin wannan. Daren mutum tara ya tafi a banza saboda ni.

Ba wanda ya ɗaga murya. Bayan an watse, matar nan ta rubuto mini ni kaɗai. Ta ce ta daɗe tana lura da ni. Ta ce garkuwa dodo yake kallo, ya bar mata jama'a, amma ni jama'a nake kallo na bar dodo ba mai shi. Ta ce wannan idon da nake da shi ba aibi ba ne, shi take nema a wurin sababbin masu jinya ba ta samu, sai dai na sa shi a cikin sulken da ba nasa ba.

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Na ji kamar an ce mini ba ni da zuciya. Kusan mako biyu ban shiga wasan ba. A cikin kwanakin nan na yi ta juya abin a raina, na tuna cewa tun ina yaro in an yi faɗa a filin ƙwallo, ni ne mai zuwa wurin wanda aka ji wa ciwo, wasu ne ke bin wanda ya yi dukan. Na tuna cewa a gidanmu ni ake tura wa jinyar duk wanda ya kwanta a asibiti, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba. Hali zanen dutse ne. Matar ba ta taɓa ganin fuskata ba, amma ta karanta zanen daga yadda wani ɗan mutum-mutumi ke gudu a allo.

A nan na fahimci kuskuren farko da masu zaɓen sana'a ke yi. Muna tambayar kanmu wane ne muke so a gan mu, mu zaɓi rigarsa. Tambayar da ta dace ita ce: idan abu ya ɓaci, ina idona yake fara zuwa? Wani idonsa na zuwa kan abin da ya kawo ɓarnar, yana so ya tare shi da ƙirji. Wani na zuwa kan waɗanda abin ya shafa. Wani na neman kafar da za a bi a gama da matsalar da wuri. Tun a 1996 Richard Bartle, wanda shi da Roy Trubshaw suka gina wasan MUD na farko a Jami'ar Essex, ya raba masu irin wannan wasa gida huɗu: masu son cim ma buri, masu son yawon gano sababbin abubuwa, masu son zumunci, da masu son fin ƙarfin sauran 'yan wasa. Rabon nasa yana bayyana abin da ya kawo mutum filin. Abin da matar nan ta nuna mini ya ƙara mataki ɗaya a kai: abin da mutum yake yi a filin idan ƙura ta tashi.

Na koma mataki na ɗaya, na ƙera firist. Tafiyar ta ɗauke ni damina guda, amma tun kogon farko, Deadmines, na ji bambanci. Korayen layukan nan da suke sace mini hankali a da, yanzu su ne aikina. Abin da ke jawo mini kunya ya zama abin da ake gode mini a kai. Ban taɓa jin natsuwa irin wannan a wasan ba.

Sai dai na faɗa kuskure na biyu, kuma wannan ya shafi rubutun ɗabi'a. Da na zo ba sabon mutumin nawa tarihi, sai na ɗauko abin da kowa ke zato daga mai jinya: mai taushin murya, mai yawan murmushi, marar musu, wanda ba ya iya cewa a'a. Na kai shi dandalin Stormwind, na yi ta hira da bakinsa, amma ba shi da rai. Mutane za su gaisa da shi su wuce. Babu abin da za su tambaye shi, domin daga ganin rigarsa sun riga sun san duk abin da zai faɗa. Haka abin yake ga faladin da ba ya taɓa shakka, da ɗan sari-ka-noƙe da kullum yake zaune a lungu yana zare ido, da mai aljanu da ba ya komai sai mugunta. Idan sana'a ta cinye ɗabi'a gaba ɗaya, abin da ya rage gunki ne.

Wanda ya gyara mini wannan shi ne Malchezaar, dodon ƙarshe a saman Karazhan. Yana da wata dabara mai firgitarwa: lokaci-lokaci sai ya kama mutum biyar daga cikin tawaga, ya zuƙe ransu har saura ɗigo ɗaya, kuma a 'yan daƙiƙoƙin nan magani ba ya kama su ko kaɗan. Abin da za su yi shi ne su gudu nesa, bayan ɗan lokaci ransu ya dawo da kansa. Ka yi tunanin mai ido irin nawa yana ganin layuka biyar sun faɗi ƙasa lokaci guda. Duk jikina na cewa in zuba musu magani. In na yi haka, na ɓarnatar da ƙarfina a banza, kuma garkuwa, wanda shi kaɗai ke shan dukan dodon, zai faɗi, mu faɗi tare da shi. Matar nan tana gefe tana maimaita mini a hankali cewa in bar su, in riƙe garkuwa. Na bar su. Hannuna na rawa, amma na bar su. Muka kayar da shi a daren.

Da na kwanta na gane cewa jinya ba taushi kaɗai ba ce. Mai jinya yana da tausayi, amma ƙarfinsa ƙididdigagge ne, don haka dole ya zama mai iya yanke hukunci, ya san wa za a fara da shi, wa zai jira, wa kuma ba za a iya yi masa komai ba a yanzu. Wannan aiki yana buƙatar taurin rai da bai gaza na mayaƙi ba. Washegari na goge tarihin da na rubuta. Na mayar da firist ɗin nan shi ne Barde da kansa, bayan shekaru: sojan da ya taɓa barin wurin tsayuwarsa don ceton mutum ɗaya, aka rasa tara, sai ya ajiye takobi ya koyi jinya. Ba ya yawan murmushi. Yana da faɗa idan ya ga matashi na wasa da ransa. Yana ƙirga mutanensa kafin a fita da bayan an dawo. Daga ranar mutane suka fara tsayawa su yi hira da shi, suna tambayarsa abin da ya faru da takobinsa. Sana'a ta ba shi yadda zai yi aiki, tarihinsa ya ba shi dalilin yin aikin, kuma a ɗan saɓanin da ke tsakanin biyun ne ransa ya fito.

Marubutan wasan da kansu sun san wannan sirri. A ƙarshen 2008 aka fitar da wani ƙarin wasan mai suna Wrath of the Lich King, kuma a ciki akwai kogon da ke mayar da kai baya ka ga Arthas, yarima kuma faladin, a ƙofar birnin Stratholme. Annoba ta shiga birnin ta hanyar hatsi, shi kuwa ya yanke cewa a hallaka mutanen garin kafin su rikiɗe. Malaminsa Uther ya ƙi, abokiyarsa Jaina ma ta juya ta tafi. Sana'ar Arthas ta kare rayuka ce, amma halinsa na wanda ba ya iya jure shan kaye ne, kuma halin ne ya yi rinjaye har ya kai shi ga halaka. A ɗaya gefen ga Anduin, ɗan Sarki Varian na Stormwind. Ubansa mayaƙi ne na gaske, amma shi yaron zuciyarsa na wajen sulhu da warkarwa, ya bi hanyar firist ya yi karatu a wurin wani malami mai suna Velen. Da ubansa ya faɗi a labarin 2016 ya gaji sarauta da takobi, amma ko a fagen daga abin da ya fi iyawa shi ne tayar da waɗanda suka faɗi. Ɗaya ya sa rigar da halinsa ya yage, ɗayan ya nemi rigar da ta yi daidai da nasa ko da ta saɓa wa ta gidansu.

Wannan magana ta gado ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san gidan maƙera, gidan wanzamai, gidan mahauta, gidan marina, inda yaro ke buɗe ido ya tarar da sana'arsa na jiransa. Akwai albarka mai yawa a cikin haka, domin ƙwarewa na taruwa daga kaka zuwa jika. Amma ko a cikin maƙera ɗaya, uba mai hankali yana lura da wanda ya iya zuga, da wanda hannunsa ya faɗa a kan guduma, da wanda ya fi iya zama da masu saye a kasuwa. Dattawanmu sun daɗe suna karanta hali kafin su raba aiki.

Na ga irin wannan karatu ya yi amfani ga wani ma. Matashin nan ɗan Fotugal da na ruga ceto, yaro ne mai wutar ciki, kullum shi ke fara jifa kafin a ba da izini, kullum dodo na barin garkuwa ya bi shi. An yi masa faɗa har an gaji. Shugabanmu direba ya ce masa tunda ba ya iya jiran wani ya shiga gaba, to ya zo ya zama na gaban. Ya ƙera mayaƙi, ya ɗauki wurin da na bari. Gaggawar da ke kashe mu a da ta zama abin da ke ja mana tafiya, kuma da nauyin mutum tara ya hau kansa, sai ga shi ya koyi waiwayowa ya tambayi masu jinya ko sun shirya. Wannan ya nuna mini cewa abin hanya biyu ne. Hali na neman sana'ar da ta dace da shi, sana'ar kuma tana gyara halin. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford suka wallafa binciken da ya nuna cewa mutanen da aka ba dogon mutum-mutumi a duniyar kwamfuta sun fi tsayawa da ƙarfi wajen cinikin rabon kuɗi fiye da waɗanda aka ba gajere. Rigar da ka sa tana shiga jikinka. Ni jinya ta koya mini cewa a'a, shi garkuwa ta koya masa jira.

Yau wasanni da yawa sun sassauta. A Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, wanda aka sake gina shi a 2013 a ƙarƙashin Naoki Yoshida, mutum ɗaya yana iya koyon duk sana'o'in, da ya sauya makamin hannunsa ya sauya aiki. Wannan rahama ce ga mai neman kansa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma sauƙin sauyawa bai kawar da tambayar ba. Ko kana da riga ashirin, akwai wadda in ka sa kake numfashi da kyau, kuma abokan tafiyarka za su riga ka ganewa.

Na daɗe da barin wasan. Karatu ya ƙare, na dawo gida, iyali da aiki suka karɓi sa'o'in da nake ba shi, kuma haka ya kamata. Amma darasin ya biyo ni. Da ƙungiyar unguwarmu ta nemi in zama shugaba, na roƙe su su ba wani ɗan'uwa da na san ba ya tsoron tunkarar hukuma da manyan gari, ni kuma su ba ni kula da walwala. Nan ne ake kawo maganar marar lafiya da maraya da wanda gobara ta shafa, kuma kullum buƙata ta fi abin da ke cikin asusu. Duk ranar da na zauna da takardu biyar alhali kuɗin na mutum biyu ne, ina tuna layukan nan biyar da suka faɗi a saman Karazhan, in roƙi Allah ya ba ni adalcin zaɓe da ƙarfin faɗa wa sauran gaskiya.

Kwanan baya ɗan ƙanwata, wanda ke shirin cike takardar JAMB, ya zo mini da wayarsa yana buga wani wasa na tawaga. Ya ce, "Kawu, wanne zan ɗauka a cikin waɗannan? Kowa cewa yake wannan mai takobin ya fi ƙarfi." Na ce masa ya ajiye maganar kowa tukuna. Na tambaye shi, in faɗa ya rikice, me yake fara gani a allon? Wane aiki ne in ya yi shi awa biyu yake tashi da sauran ƙarfi a jikinsa? Kuma me abokansa ke gode masa a kai wanda shi bai ɗauke shi komai ba? Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce shi dai kullum shi ke lura da inda abokan gaba za su ɓullo, ya gaya wa sauran tun kafin su iso. Na ce to ya nemi wanda aikinsa ke nan a cikin jerin.

Ya zaɓa, ya ci gaba da wasansa. Can ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ita takardar fa? Duk gida cewa ake in cike likita."

Na ce ya kashe wayar ya matso kusa, mu sake bin tambayoyin nan uku daga farko, a hankali.